Mattea Mai Fuskokin Yumɓu

Shekara arba'in da 'yan kai shagona yana kallon na Monna Mattea, wato uwargida Mattea, ba abin da ya raba mu sai kwatar da ta ratsa tsakiyar lungu. Ni wanzami ne, sunana Nofri. In aka yi rasuwa a gidan masu hali a wannan ɓangare na birnin Firenze, mu biyu ake aika wa: ni in aske mamacin, ita ta ɗauki fuskarsa. Ta haka na san ta, ko da yake ban taɓa cin abinci a gidanta ba, ita ma ba ta taɓa ci a nawa ba.

Ba 'yar birni ba ce. A Impruneta aka haife ta, inda ƙasa take ja, kuma kusan kowane gida da matoyarsa ta gasa tukwane a baya. Ubanta Cenni randunan man zaitun yake ginawa. Tun tana ƙarama ita ke taka masa yumɓu, shi ya sa har ta tsufa tafiyarta ta mai taka yumɓu ce, ƙafa a ware, diddige na fara sauka. Da ta tasa sai ta riƙa raka shi birni da alfadari, suna kai wa masu sana'a tataccen yumɓu a cikin jiƙaƙƙun buhuna. Cikin masu saye akwai maƙwabcina Zanobi, mai yin fuskoki. Tana da shekara ashirin ya aure ta. 'Yan lungu suka ce ya gaji da ciniki ne da Cenni, ya auro yumɓun gaba ɗaya.

Aikin Zanobi ba wani asiri a cikinsa. In na gama aski, sai ya shafe fuskar mamaci da mai, ya naɗe gashin kai da ƙyalle, ya kwaɓa farar ƙasa mai saurin daskarewa ya lulluɓe fuskar da ita. Kafin mutum ya gama 'yan addu'o'insa ta ƙame, sai ya ɗago ta kamar ɓawon ƙwai. A shago ya danna yumɓu a cikin ɓawon, fuska ta fito, ya yi mata wuya da kafaɗu da riga, a shanya, a gasa, a sa launi. Iyalan mamaci su ɗora a kan ƙofa ko bisa murhu, ga kaka ga uba a jere suna kallon masu cin abinci.

Wahalar guda ce. Mamaci ido a rufe yake zuwa, kumatu sun faɗa, haɓa ta saki. Sai da hannu ake buɗe idon a kan ɗanyen yumɓu, kuma a nan ne Zanobi ba ya iyawa. Duk wanda ya buɗe wa ido sai ya fito kamar an kwara masa ruwan sanyi yana tsakiyar barci. Mutane na karɓa haka nan, don ba su san za a iya fin haka ba.

Shekara uku da aurensu, matar wani ɗan kasuwar siliki mai suna Bindo ta rasu wajen haihuwa. Bindo ya ce yana son fuskarta, amma ba namijin da zai taɓa ta. Zanobi ya tura Mattea. Ta ɗauki fuskar yadda ta saba gani ana yi, sannan kafin ta fito ta tsayar da mai aikin gidan a bakin matakala.

"Uwar ɗakinki yaya take kallon mutum?"

"Kamar yaya? Da ido mana."

"Kai-tsaye, ko ta gefe? In za ta yi dariya, ina ne ke fara motsi?"

Matar ta ce ta gefe take kallo, kuma idonta na hagu ke fara ƙanƙancewa. Da aka kai aikin bayan wata biyu, Bindo ya dube shi sau ɗaya ya fita daga ɗakin. Ya sa aka kai shi can sama inda ba ya shiga. Bayan mako uku ya sa aka sauko da shi.

Daga nan idanu suka koma hannun Mattea, Zanobi ya tsaya a kan farar ƙasa da kafaɗu. Bai ji haushi ba, mutum ne mai son a bar shi ya zauna lafiya. Mazan da suka mutu kuwa ni take tambaya, tun da ni nake riƙe da haɓarsu suna da rai.

"Nofri, wannan yaya yake kallon mutane?"

"Kamar yana auna su a sikeli, kuma kullum ba su cika ba."

"Shi ke nan, na gane shi."

Takan cire abin da ciwo ya sa wa fuska, ta ciko kumatu, ta ɗaga haɓa. Amma abin da mutum ya zo duniya da shi ba ta taɓawa. Na taɓa jin wani ɗan mai rini yana ƙorafi a ƙofar shagon.

"Haba Monna Mattea, hancin Baba ai bai kai haka ba."

"Ni na ba shi? Daga fuskarsa na kwaso. Tsallaka wurin Nofri ka ari madubi, ka ga ƙaninsa."

Sun haifi 'ya'ya uku, ba wanda ya kai shekara biyar. A shekara ta goma sha huɗu da aurensu tari ya kama Zanobi, irin wanda ke kama masu shaƙar ƙurar farar ƙasa, bai ga ƙarshen hunturu ba. Ni na aske shi. Tana tsaye da kwanon kwaɓi a hannu ta ce, "Yau dai kar ka yanke shi." Ta ɗauki fuskarsa kamar ta kowa, ta naɗe ɓawon a ƙyalle ta ɗora a kan kantar shago. Ba ta taɓa danna yumɓu a ciki ba, ni kuma ban tambaye ta dalili ba.

Shugabannin sana'a suka bar mata shagon, bisa sharaɗin ya ci gaba da amsa sunan mijinta. Saboda haka duk abin da ya fito daga hannunta, na shagon Zanobi ake ce masa. Wata rana wani baƙo daga Prato ya zo karɓar fuskar surukinsa, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Kai, hannun Zanobi ya faɗa sosai 'yan shekarun nan."

Mattea ta ce, "Hutu ne ya karɓe shi."

Tana da shekara arba'in da biyu babban aikinta ya zo. A unguwarmu akwai ƙungiyar masu ɗaukar gawa, mu ne ke binne waɗanda ba su da kowa, kuma muna da ɗan ɗakin ibada a gefen coci. Shugabanmu a lokacin Salvestro ne, majemi. Ƙungiya ta yanke shawarar a yi mata Almasihu a kwance bayan an sauke shi daga gicciye, da masu kuka a kewaye da shi, kowa girman mutum. Da farko wurin masu sassaƙa farin dutse suka je. Suka ji kuɗin, suka dawo hannu rabbana. Bayan kwana biyu Salvestro ya shiga shagon Mattea da hula a hannu.

"Monna Mattea, gaskiya na dutse muka so."

"Na sani. Da kun samu ai ba zan ga ƙeyarka ba. Mutum nawa?"

"Shida, har da Ubangiji."

"Ban taɓa yin mutum ya wuce ƙirji ba."

"To ki fara da ƙirjin, sauran ya biyo baya."

Shekara biyu aikin ya ci. Salvestro ya ɗauka za ta zaɓo fuskoki daga tarin ɓawon da ya cika mata kantar shago, ta ce a'a, mamaci ba ya kuka, masu rai take so. Da ni ta fara. Ta ce ni ne Yusufu na Arimatiya, mai riƙe da awartakin da aka zare ƙusoshi da shi. Ta kwantar da ni a kan bencin shago, ta cusa mini gashin agwagwa biyu masu rami a hanci in riƙa numfashi, ta lafta mini kwaɓi. Na ga an yi wa mutum ɗari wannan, ban san yana ɗumi ba in ya fara ƙamewa, ban kuma san duhun ya kai haka ba. Da ta zo ɗagawa, ashe man bai ratsa gemuna ba. Rabinsa ya tafi da ɓawon.

"Kin kashe ni, 'yar Cenni!"

"Yi shiru. Kai ne na farko da ya taɓa yi mini ƙara."

Maryamu Magadaliya baki a buɗe take so, kuma ba a zuba wa mai rai kwaɓi a baki. Sai ta ɗauki kujera ta tafi kasuwa, ta zauna mako guda kusa da Tancia mai kifi, wadda in tana faɗa da mai saye har gaɓar kogi ake jin ta. Tancia ta ɗauka kifi take son saye tana jin kunyar tayawa. Uwar Almasihu kuwa fuskar Agnola ce, tsohuwa mai wanki, wadda kogi ya ci ɗanta shekara biyar kafin nan. Ta zo shago sau uku, ta zauna, ba ta tambayi me za a yi da ita ba. Sauran biyun, ɗaya mai burodi ne, ɗaya matar Salvestro. Almasihu kaɗai aka ɗauko daga mamaci: wani ɗan dako da ya faɗo daga kan gini, ba wanda ya zo nemansa, mu muka binne shi. Shi bai buƙaci a buɗe masa ido ba.

Babu matoyar da za ta ɗauki mutum a tsaye, don haka ta yanka kowannensu gunduwa huɗu ko biyar da zaren ƙarfe, ta rarake cikin har kaurin ya koma yatsa biyu. Wata uku suna bushewa a inuwa. Aka jera su cikin ciyawa a keken shanu zuwa Impruneta, wurin ƙaninta Maso wanda ya gaji matoyar ubansu. Kwana uku ana wuta, kwana biyar tana hucewa. Da aka fasa ƙofa, komai ya fito ja zur yana ƙara kamar ƙararrawa, ban da Magadaliya. Iska ta maƙale a kafaɗarta, ta fashe tun daga hannu har ƙirji.

Maso ya ce, "Ni dai randata ba ta taɓa yi mini haka ba."

"Randarka tana da hannu?"

Ta koma birni ta sake ta daga farko, wata huɗu. Sannan ta haɗa gunduwoyin, ta toshe tsagun, ta sa launi: ja da shuɗi a tufafi, jini a haƙarƙari, jan kuka a gefen idanu.

Ranar Juma'ar da ta zo kafin Ista aka yaye labule. Ɗakin ya cika har waje. Ba a daɗe ba wani ya ce, "Kai, ga Nofri!" Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Tancia, nawa kifin?" Tancia ta juyo ta buɗe baki za ta zage shi, aka ga baki biyu iri ɗaya a ɗaki guda, har Salvestro sai da ya rufe fuska da hula. Ana cikin haka Agnola ta kutso gaba da kwandon wankinta. Ta tsaya ta ga kanta durƙushe a kan gawar saurayi. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kwandon ta zauna a ƙasa, kamar wadda ta iso inda za ta. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, mutane suka fara durƙusawa. Mattea tana jikin bango tana duban wata tsaga a gwiwar Yusufu da ba ta toshu yadda take so ba.

Tancia ta yi shekara ba ta gaishe ta ba. Daga baya duk danginta da suka zo daga ƙauye sai ta kai su sun gani.

Shekara goma sha shida suna nan. Mata na kunna musu kyandir, har hayaƙi ya ɗan dusashe launin. Sai aka kawo mana sabon limamin coci, Fada Ilarione, wanda ya yi shekaru a Roma. Mutum ne mai ilimi, ba mugu ba. Ranar da ya fara shiga ɗakin ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce wannan launi na 'yan tsanar kasuwa ne, yumɓu kuma na tukunya ne, mutanen da da suka san aiki fari fat suke barin dutse. Tun da ba halin dutse, a shafe su da fari su yi kama da shi. Salvestro ya riga ya rasu, Agnola ma. Waɗanda suka rage a ƙungiya ba mai iya musu da wanda ya ga Roma. Ni ma ina wurin, ban ce komai ba. Aka yi magana da wani mai shafen bango.

Mattea ta ji a bakina. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ce in raka ta.

"Fada, na ji za a shafe mutanen nan."

"Haka ne, 'yata. Ke ce matar Zanobi? Mijinki ya yi ƙoƙari gwargwadon abin da ya sani."

"Ya yi."

"Ba raina shi nake yi ba. Zamani ne ya wuce wurin."

"Na ji. Abu ɗaya na zo roƙo. In dole sai an shafe, a bar ni in shafe."

Ya yarda, har ya yaba mata. A hanya na ce, "Me ya hana ki gaya masa? Zanobi ya shekara takwas a ƙasa kafin a taɓa yumɓun nan."

"In na gaya masa zai fasa?"

"Ba zai fasa ba."

"To. Mai shafen bangon nan da tsintsiya yake aiki. Zai cike musu hanci da kunne, ya toshe duk wata tamoji. Gara ni."

Kwana tara ta yi, da ɗan burushi na gashin alade, shafi uku marasa kauri. Idanu ta bari ƙarshe. Da ta gama suka yi fari tas, kuma gaskiya daga bakin ƙofa sai ka rantse dutse ne. Baƙi suka riƙa yabawa. Matan unguwa suka rage zuwa, suka koma kunna kyandir a wani wuri. Bayan shekara huɗu wani attajiri ya ba da babban zane don ɗakin, aka kwashe mutanen shida aka kai su ɗakin da muke ajiye makara. A wajen ɗauka hannun Yusufu ya karye. Suna nan har yanzu, suna fuskantar bango, in na shiga ɗaukar makara nakan ga bayan kaina.

Sana'ar ma a lokacin ta fara ja da baya. Masu hali sun koma son farin dutse, a yi musu kai da kafaɗa irin na sarakunan da, ko da ba su yi kama ba. Jikoki suka riƙa sauke kakanninsu daga kan ƙofa suna kaiwa ɗakin shirgi. Na taɓa ganin mai rinin nan mai hanci a wani lambu, an kafa shi a kan sanda yana korar tsuntsaye. Na gaya wa Mattea, ta tambaye ni ko ruwan sama ya fasa shi. Na ce a'a. Ta ce, "Gashin matoyar Maso ne."

Ta koma yin ƙananan Maryamu da jariri, waɗanda ake saya wa amare, daga mazubi guda, goma goma. Yatsunta suka fara ƙagewa, da sanyin safiya sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su buɗe. Tana da shekara sittin da uku ta rufe shago ta koma Impruneta. Maso ya rasu, ɗansa Puccio ne ke riƙe da matoya, shi ya zo da keken shanu ya ɗauke ta.

Sau ɗaya na je ganin ta, da bazara, na bi mai kai gawayi. Na same ta a tsakar gida a kan kujera, an jera mata sababbin randuna. Tana ƙwanƙwasa kowace da 'yar sanda tana saurare. Wadda ta yi ƙara mai kyau ta wuce, wadda ta yi gum ta sa mata alamar gawayi.

"Nofri, kai ne? Ka tsufa."

"Ke kuma fa?"

"Ni ba na kallon madubi, ba sana'ata ba ce. Wa ya mutu?"

Na lissafa mata. Ta riƙa gyaɗa kai, wasu ta tambayi me ya kashe su. Matar Puccio ta kawo mini burodi da wake da mai, na ci a bakin rijiya. Mattea ba ta tambayi mutanen ɗakin makara ba, ni ma ban tayar ba. Da zan tafi ta ce in dubi randar ƙarshe, in gaya mata ko akwai tsaga a gindinta, don kunnenta ya ce akwai amma idonta ba ya gani. Na duba. Akwai, siririya kamar gashi.

Bayan shekara biyu Puccio ya shigo birni da kaya ya tsaya a shagona aski. Ina cikin shafa masa sabulu ya ce goggonsa ta rasu tun lokacin tsinkar zaitun, kwana huɗu ta yi a kwance. Ya ce ranar da aka binne ta wuta na ci a matoya, kuma ba a barin wuta, saboda haka rabin gidan ne suka je, shi kansa bai samu zuwa ba. Na tambaye shi yaya gashin randunan ya fito. Ya ce lafiya lau, randa biyu kawai suka tsage.